Yadda Farfesa Ya Koya wa Ɗigo Son Uba

A layinsu ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Farfesa ake ce masa. Makanikan bakin titi ne suka laƙaba masa tun yana shekarar farko a jami'a, ranar da ya tsaya a garejinsu ya yi musu dogon bayani kan abin da ke sa yaro tsotsar yatsa, alhali ba wanda ya tambaye shi. Su ba'a suka yi. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya koyi amsawa da ɗan ɗaga gira.

Matarsa mai kitso ce. Shagonta shi ne ɗakin gaba na gidan da suke haya, da madubi mai tsaga a kusurwa, kujera biyu, benci, da tabarmar da 'yarsu ke birgima a kai tsakanin tarkacen gashi da robobin man kai. Daga safe har faɗuwar rana tana tsaye a bayan kan wata, yatsunta sun ƙage, bayanta na ciwo kamar an ɗora mata buhu. Da wannan tsayuwar ake zama a gidan, da ita ake cin abinci, da ita Farfesa ke hawa mota ya tafi makaranta da jakarsa mai zif da yawa. Yarinyar 'yar mitsitsiya aka haife ta, shi ya sa kakarta ta ce mata Ɗigo. Sunan ya bi ta, uwar kuma ta zama Maman Ɗigo.

Kafin jami'a Farfesa ya taɓa koyarwa a wata ƙaramar makarantar yara. Zango ɗaya ya yi ya ajiye aikin. Ya ce hayaniyarsu na hana shi tunani, ga majina, ga "Malam zan yi fitsari" ana tsakiyar darasi. Sai ya yanke shawarar ya tafi jami'ar gwamnati ya karanci girman yara da halayyarsu, wato inda za ka san yaro ciki da waje ba tare da ya goga maka hancinsa a wando ba. A lokacin ne ya fara zuwa zance wurin Maman Ɗigo. Bakinsa ta aura, ita ma ta sani. Mutum ne da zai kwatanta miki gidan da zai gina har ki ji ƙanshin fentin.

Kwas ɗin na shekara huɗu ne, Farfesa ya kusa ninka shi. Yajin aikin malamai ya ci wani ɓangare, sauran shi ya cinye da kansa. In an yi tambaya a jarrabawa, abin da ya ga ya kamata a tambaya yake amsawa, sai darasin ya biyo shi shekara ta gaba. Kullum dai laifin malamin ne, ko dai bai gane zurfin amsar ba, ko yana masa hassada.

A gida ba ya rasa ɗalibai, don matan da ke zuwa kitso ba su da hanyar gudu, kansu na hannun matarsa. Yakan tsaya a bakin labule da kofin shayi ya yi musu lacca. Akwai wata nas da ke zuwa duk ƙarshen mako, ita kaɗai ke tanka masa.

"Ki daina ce wa ɗanki 'bari'," ya ce mata wata rana. "Kalmar nan tana kashe wa yaro ƙwarin zuciya. Bincike ya tabbatar."

"To Farfesa, in ya ɗauki wuƙa fa? In ce masa sannu da aiki?"

"Sai ki karkatar da hankalinsa."

"Kai dai Allah ya karkato da naka hankalin gida. Ga taka can tana cin mataji."

Ya waiga, ya ga Ɗigo da mataji a baki, ya gyaɗa kai. "Mataki ne. A shekarunta komai ta baki suke gane shi." Ya kurɓi shayinsa. Maman Ɗigo ce ta saki gashin nas ta je ta zare matajin.

Haka yake da 'yar tasa. Cizo mataki ne, kukan dare mataki ne, ƙin cin abinci mataki ne. Ya san sunan kowane abu da take yi, da shekarun da ake fara shi da waɗanda ake dainawa, amma bai taɓa yi mata wanka ba, bai san wace rigar ce ta yi mata kaɗan ba. In ta matso kusa da teburinsa sai ya ɗaga murya, "Maman Ɗigo, zo ki ɗauke ta, za ta jiƙa min takardu." In ta tsananta kuka ya ɗauki littafinsa na rainon yara ya tafi garejin makanikai, ya ce can ya fi shiru. Yarinyar ba ta ƙi shi ba. Kallon da take yi wa firij take yi masa, abu ne babba da ke cikin gidan, yana ƙara wani lokaci.

Aka zo shekarar da ba shi da wata bayanta. Dokar jami'a ta ƙayyade tsawon zaman ɗalibi, nasa kuma ya zo ƙarshe: ko ya gama a wannan zangon, ko a sallame shi hannu rabbana. Abu ɗaya ya rage masa, aikin ƙarshe. Ga wata mai makarantar kuɗi ta yi masa alkawarin kujerar mai ba iyaye shawara kan tarbiyya, in dai ya kawo takardar digiri. Maman Ɗigo ta daɗe da daina sa rai da alkawuran mijinta, amma wannan ta riƙe shi. Ba ta faɗa wa kowa ba, sai dai in bayanta ya isa da ita takan yi tunanin ranar da za ta iya ce wa mai kitso ta ƙarshe ta dawo gobe.

Aikin ƙarshen ba shi da wuyar fahimta. Ɗalibi zai zaɓi yaro ɗaya, ya zauna kusa da shi tsawon zango, ya lura da wasansa da kukansa da yadda yake da mutanen gidansu, ya rubuta rahoto. Abin da takarda ta ce ke nan. Abin da ake yi kuwa, akwai mai injin kwafi a ƙarƙashin matattakalar sashen, yana da tsofaffin rahotanni cike da kwali. Ka zaɓa, ka canja suna, ka kai. Akwai wani yaro a cikin rahotannin nan da ya shekara aru-aru yana ɗan shekara biyu. Wani lokaci namiji ne, wani lokaci mace, amma kullum yana son jar ƙwallo.

Farfesa ya raina masu yin haka. "Ni ba na kwafi," ya ce wa matarsa yana bugun ƙirji. "Ni da nake da tawa a gida?" Ya ɗauki jakarsa ya tafi ɗakin karatu na jami'a, ya buɗe babin da ke magana kan 'yan shekara biyu, duk inda littafin ya ce "yaro" shi ya rubuta "Ɗigo". Haka ya yi ta yi har ya cika shafuka, ya sa aka yi musu bango mai ruwan zinariya. Ranar da ya kawo rahoton gida ya tsaya a tsakar shago ya karanta wa matarsa, tana share gashi.

"Saurari nan. 'Yarinyar tana da shaƙuwa mai ƙarfi da mahaifinta. Idan ya fita takan nuna damuwa, idan ya dawo takan ruga ta rungume shi, kuma nan take hankalinta ya kwanta.'"

Ta tsaya da tsintsiya a hannu. "Wace yarinya ce wannan?"

"Ɗigo mana."

"Tamu?"

"Ke ba ki san yadda ake rubutun ilimi ba."

"Ban sani ba kam," ta ce, ta ci gaba da shara.

Da an bar abin yadda aka saba, da ya wuce. Sai ga wata tsohuwar malama da ta daɗe tana hutun bincike ta dawo, aka ba ta duba aikin ƙarshe. Dokta suke ce mata. Ta karanta rahotanni, ta haɗu da mai jar ƙwallo sau da yawa a rana ɗaya, ta tashi ta nemi makullin wani ɗaki a ƙarshen baranda. Ɗakin nazarin yara ne tun asali, yana da gilashi a bango wanda na waje ke ganin na ciki, na ciki kuma madubi kawai yake gani. An daɗe da mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ta sa aka kwashe su, aka wanke gilashin, sannan ta sanar cewa kowane ɗalibi zai zo da yaron da ya rubuta, a gani da ido.

Sashen ya rikice. Masu rahoton kwali suka bazama unguwanni aron 'ya'yan 'yan uwa, kowa da jar ƙwallo a leda. Farfesa ya dawo gida bai ko tsaya lacca a bakin labule ba. Ya jira shagon ya watse, ya yi wa matarsa bayani. Tun da shaƙuwa ya rubuta, gwajin shaƙuwa za a yi masa. Za a sa shi da yarinyar a ɗakin, baƙo ya shigo, shi ya fita, sannan ya dawo, Dokta na kallon abin da yarinyar za ta yi.

Maman Ɗigo ta dubi 'yarta da ke bacci a tabarma, ta dubi mijinta. "Akwai sauran lokaci ai. Ka zauna da ita. Ka ba ta abinci, ka goya ta in ta kama, ka kai ta bakin titi ta ga motoci. Yara ba su da riƙo."

"Wannan hanyar tsofaffi ce, tana ɗaukar watanni. Akwai hanyar kimiyya."

Hanyar kimiyyar leda ce ta alawa mai tsinke. Kullum da yamma zai sa uwar ta zaunar da Ɗigo a ɗakin ciki, shi ya fita, ya ja ƙofar gidan ta ƙarfe mai ƙara, ya ɗan jira, ya turo ta, ya durƙusa ya buɗe hannuwa. Farkon farawa yarinyar ta ɓuya a bayan zanen uwarta tana leƙensa kamar an turo mai allura. Sai ya fito da alawa ya kaɗa. Ta matso, ta fizge, ta koma. Washegari bai ba ta ba sai da ta taɓa gwiwarsa. Bayan nan sai ta rungume shi. Daga baya ya daina nuna alawar, ya bar ta a aljihun riga, sai an yi rungumar sannan ya zaro. Yarinyar ba ta da wauta. Kafin mako ya zagayo, ƙofa na yin ƙara take yar da abin da ke hannunta, ta sheƙo da gudu, ta ƙanƙame shi, ta miƙa tafin hannu.

"Kin gani?" ya ce yana share gumi kamar wanda ya yi aikin gona. "Abin da ke ɗaukar ku shekara, ilimi ya yi shi a 'yan kwanaki."

Abin bai yi wa Maman Ɗigo daɗi ba, amma tana son takardar nan fiye da yadda take son yin gardama. Ita ce ma ke riƙe yarinyar in zai fita, ita ke goge mata bakin da ya yi danƙo.

Ana saura kaɗan ranar ta zo, mai duba mitar wuta ya turo ƙofar ƙarfen don ya leƙa bango. Ɗigo ta tashi da gudu ta rungume ƙafafunsa, ta miƙa masa hannu. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan yarinya akwai son mutane." Da Farfesa ya dawo Maman Ɗigo ta faɗa masa.

"Alama ce ta ci gaba," ya ce yana cire takalmi. "Ta fara buɗe wa al'umma zuciya."

"Baban Ɗigo, mutumin nan ba ta taɓa ganinsa ba."

"Maman Ɗigo, ni na taɓa koya miki yadda ake tsaga gashi?"

Ta koma kan kitsonta.

Ranar gwajin ta rufe shago, ta yi wa yarinyar wanka da ƙananan kitso, ta goya ta suka hau mota. Shi ne zuwanta na farko jami'ar da ta daɗe tana ciyarwa. Ta yi zaton za ta ga wani abu. Ta ga baranda mai warin fitsari, fankoki da ba sa juyawa, tagogi ba gilasai, da ɗalibai zaune a ƙasa kowanne riƙe da ɗan wani yana lallashi. Wani na roƙon wata yarinya mai ƙiba, "Don Allah ki so ƙwallon nan, na minti kaɗan ne." Yarinyar ta jefa masa ita a fuska.

Dokta gajeriyar mace ce mai furfura, da tabarau a rataye a wuya da muryar wadda ta gaji da jin ƙarya. Ta dubi bangon rahoton mai ruwan zinariya, ta dubi Farfesa.

"Kai ne mai 'yar kansa? Madalla, yau za mu huta. Wannan ce mahaifiyar? Sannu, 'yata. Zo ki zauna nan kusa da ni, ba za ta gan ki ba. Kai kuma, ba a ba yaro komai a cikin ɗakin. Ba abinci, ba waya. Ka zauna da ita yadda kuka saba a gida."

"Ba matsala, Dokta."

Ya riga ya yi wannan lissafin. Rungumar ce ke zuwa kafin alawa, shi kuma ya shirya zai matse ta a ƙirji yadda ba za a ga hannun ba.

Maman Ɗigo ta zauna a ɗan ɗaki mai duhu, gilashin a gabanta. Ta ciki akwai darduma, kujera biyu, 'yar tsana mai hannu ɗaya, motar gwangwani da wasu tubalan roba. Ɗigo ta zauna ta juya wa ubanta baya ta kama 'yar tsanar. Shi ya zauna a kujera ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya gyara wuyan riga a madubi. Ya ce, "Yawwa, Ɗigo, wasa yana gina ƙwaƙwalwa," amma gilashin yake kallo yana faɗa. Yarinyar ko waiwaye ba ta yi ba.

Dokta ta yi wa wani ɗalibi alama. Shugaban ajinsu ne, ƙaton mutum mai gemu da murya kamar ganga, shi aka sa ya zama baƙo. Ya murɗa hannun ƙofar, ƙofar ta yi ƙara.

Maman Ɗigo ta runtse ido, ta buɗe. Ɗigo ta riga ta yar da 'yar tsana, ta sheƙa da gudu, ta ƙanƙame gwiwoyin ƙaton, ta ɗaga kai ta miƙa tafin hannu. Mutumin ya tsaya sandare, hannuwa a sama, yana kallon madubi kamar mai neman ceto. Ya lalubi aljihunsa, bai sami komai ba sai biro. Yarinyar ta jira, ta ga ba labari, ta koma wurin tubalanta.

Dokta ta sa tabarau. "Ta san shi ne?"

"A'a," in ji Maman Ɗigo.

Aka ƙwanƙwasa wa Farfesa gilashi, alamar ya fita. Ya miƙe ya ce da ƙarfi, "Ɗigo, Baba zai fita!" Tana ɗora tubali kan tubali. "Baba ya tafi fa!" Tubalin ya faɗi, ta sake ɗorawa. Ya fita ya bar ta da ƙaton da ba ta taɓa gani ba, ita kuwa ko a jikinta.

Aka ɗan jima, aka ce ya koma. Ƙofa ta yi ƙara, ta taso da gudu kamar yadda aka koya mata, ta rungume shi. Ya durƙusa ya matse ta, ya juyo da fuskarsa wajen gilashi yana murmushin nasara. Amma Ɗigo ta san aikinta. An hana ta sau ɗaya, ba za a yi na biyu ba. Ta zame hannu ta cusa a aljihun rigarsa, ta laluba, ta koma ɗaya aljihun. Ta ja baya ta dube shi.

"Alawa," ta ce, a fili, yadda ko na baranda zai ji.

"Shhh, anjima."

"Alawa!"

Ta ɓare baki. Kukan wanda aka ci wa haƙƙi ne, ta yi aiki sau biyu ba a biya ta ba. Ya ɗauke ta, ta banƙare kamar kifi, tana dukan fuskarsa. Ya riƙe ta nesa da rigarsa yana faɗa mata abin da littafi ya ce a faɗa. "Na fahimci kina cikin fushi. Fushi ba laifi ba ne. Ina tare da ke." Ita tana ta zillo tana kallon ƙofa, tana kiran Mama har muryarta ta fara shaƙewa.

"Ya isa," in ji Dokta. "Je ki ɗauki 'yarki."

Maman Ɗigo ta tura ƙofar. Yarinyar ta zamo daga hannun uban, ta zo ta haye jikinta ta cusa fuska a wuyanta. Ba ta miƙa hannu ba. Kukan ya koma sheshsheƙa.

Dokta ta shigo ta zauna a ɗaya kujerar, rahoton a cinyarta. "Me kake ba ta?"

"Dokta, a gaskiya yanayin ɗakin ne ya..."

"Me kake ba ta?"

"Alawa."

"Duk sanda ka buɗe ƙofa?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka tuna darasin shekarar farko? Karen nan da ake kaɗa wa ƙararrawa kafin a ba shi nama, har ya zamana in ya ji ƙararrawa yawu ya zubo? To wannan ka iya shi, na shaida. Ka koya wa yarinya son ƙofa. Sai dai ba shi muke jarrabawa yau ba."

Nan bakin Farfesa ya buɗe. Ya ce gwajin bai dace da yanayin iyalanmu ba, ya ce an yi rubuce-rubuce a kan haka, ya ce yarinyar ba ta yi baccin rana ba. Da ya ga fuskar ba ta motsa ba sai ya koma roƙo, ya ce shekararsa ta ƙarshe ce, ga iyali, ga aiki na jiransa. Har ya juyo ya ce, "Maman Ɗigo, ki sa baki mana." Ta buɗe baki, don tana son takardar, Allah ya sani tana so. Ta gyara riƙon yarinyar kawai.

"Malam, saurara," in ji Dokta. "Ba na kayar da mutum don 'yarsa ba ta shaƙu da shi ba. Da ka rubuta min cewa yarinyar nan ba ta kula in ka fita, ka faɗi abin da take yi da wanda take nema, da na ba ka maki mai kyau, don ka duba ka gani. Abin da aka aike ka ke nan, ka dubi yaro ɗaya. Waɗancan na waje aron yara suka yi, su ma zan gama da su. Kai taka a ɗakinka take kwana." Ta miƙa masa rahoton. "Bangon ya yi kyau."

A mota ya yi ta magana har suka sauka. Zai ɗaukaka ƙara, zai rubuta wa shugaban jami'a, matar nan dama an ce ba ta son ɗalibai masu tunani. Maman Ɗigo tana kallon taga, yarinyar na bacci a bayanta, tana tunanin matan da ta mayar yau saboda ta rufe shago.

Ƙarar ba ta je ko'ina ba, don bai ma rubuta ta ba, ya dai karanta wa makanikai yadda za ta fara. Zango ya ƙare, aka sallame shi. Mai makarantar kuɗi ta ɗauki wani. Sunan Farfesa kuwa ya zauna daram, makanikan ma sun fi jin daɗin kiransa yanzu.

Ɗigo ta ci gaba da rugawa ƙofa na ɗan lokaci. Ta ruga wa mai gidan haya, ta ruga wa mai kawo ruwa, ta ruga wa ubanta, ba wanda ya ba ta komai. A hankali ta rage gudu, ta koma ɗaga kai kawai, daga baya ko kan ta daina ɗagawa. Farfesa ya lura da wannan, abin mamaki. Ya tsaya a bakin labule da kofinsa ya ce wa nas, wadda kanta ke hannun matarsa, "Kin ga ta daina? Wannan ma yana da suna a ilimi. In aka janye lada, ɗabi'ar sai ta..."

Bai ƙarasa ba, Ɗigo ta yi tuntuɓe da ƙafar benci ta faɗi ta fasa kuka. Maman Ɗigo ta dubi hannuwanta, duk mai, ga rabin kan nas a tsefe, ga mata biyu na jira a benci. Ta ɗago yarinyar da damtse, ta karɓe kofin daga hannun mijinta ta ajiye a ƙasa, ta danna masa ita a ƙirji.

"Riƙe."

"Ai ke take nema, kin san a wannan matakin..."

"Ba ka da lacca, ba ka da ofis. Riƙe."

Ta koma bayan kujera ta kama gashi. Shi ya tsaya da yarinyar kamar an ba shi tukunya mai zafi, ita tana banƙarewa tana miƙo hannu wajen uwarta.

"Maman Ɗigo, 'yarki na kuka fa," in ji nas.

"Na ji. Karkato kanki."

Farfesa ya gyara murya. "Ɗigo, na fahimci kina..."

"Baban Ɗigo," ta ce ba tare da ta waiga ba, tsinken tsaga a bakinta. "Yi shiru ka jijjiga ta."